Yadda na nemi fosdok daga Maradi da lissafin gubar gyaɗa

Wanda ya gama doktora a fannin lissafin sinadarai ya dawo gida, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya rungumi alli ya yi ta koyarwa har abin da ya sani ya tsufa a kansa, ko ya nemi fosdok, wato shekara ɗaya ko biyu na bincike zalla a ƙarƙashin wani babban malami, da albashi, ba aji ba gyaran jarrabawa. Ni da na dawo Maradi daga Dakar, koyar da fizik da shimi na kama awa-awa a makarantu masu zaman kansu, ina yi ina duban hanya. Ba raina koyarwa na yi ba. Amma duk mai son hawa matakan CAMES, hukumar nan ta Wagadugu da ke tantance malaman jami'o'in ƙasashenmu masu Faransanci, ya san da maƙaloli ake hawa, maƙala kuwa ba ta rubutuwa tsakanin wannan aji da wancan.

Bari in faɗi aikin namu, don ko a gidanmu har yau akwai masu ɗauka magani nake haɗawa. Ba na taɓa kwalba, ba na kunna wuta. Kowane molekul yana shan haske a wasu wurare ya bar wasu. Idan aka baje hasken aka duba, sai a ga layuka da tuddai waɗanda nasa ne shi kaɗai, kamar yadda tsofaffinmu ke duban askar fuska su ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine. Masu awo a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, su ke fito da layukan, ilimin kuma shi ne sifektiroskofi. Namu aikin shi ne mu zauna da lissafin da Schrödinger ya kawo a 1926, mu faɗi inda layukan za su fito tun ba a auna ba, ko mu bayyana abin da ya sa suka fito inda suka fito. Lissafin ba ya warwaruwa da hannu in ban da atam mafi sauƙi, don haka ake bin dabaru a kwamfuta. Wadda aka fi amfani da ita ita ce DFT, da ta samo tushe daga aikin Hohenberg da Kohn na 1964 da na Kohn da Sham na 1965. Walter Kohn ya raba kyautar Nobel ta 1998 da John Pople a kan wannan fage.

Kasuwar fannin tana ci, wannan ba shakka. Lokacin da na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb ta gano iskar kabon dayoksaid a duniyar WASP-39b, mai zagaya wani tauraro mai nisa, a 2022, da jerin layukan da aka riga aka tanada aka gwada abin da ta gani, kuma akwai rukuni a Landan mai suna ExoMol da aikinsu ke nan, lissafa layuka biliyoyi na molekul masu zafi irin su ruwa da methan. A 2023 kuma Nobel ta fizik ta tafi ga Agostini da Krausz da L'Huillier saboda walƙiyar haske mai gajartar da za ta iya bin motsin ilektaron. Duk awon da ya yi sauri haka yana buƙatar mai lissafin da zai fassara shi. Saboda haka tallan aiki ba ya yankewa a Euraxess, shafin tallan ayyukan bincike na Turai, da shafukan jami'o'i.

Da su na fara. Irin wannan gurbi, wani farfesa ne ya ci kuɗin wani aiki, yana neman hannu. Ya riga ya san abin da yake so, kuma lokaci na binsa. Sai ka ga an rubuta ana son wanda ya iya MCTDH, dabarar bin motsin atam ta hanyar kwantum da aka ƙirƙiro a Haidelbag a 1990, ya iya Python da Fortran, ya kuma taɓa gudanar da lissafi a gagarumar kwamfuta. Na yi ta aika takardun tarihin karatuna da wasiƙu. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Wasu ko amsar cewa saƙo ya iso ba sa bayarwa.

Wuri guda ne suka kira ni ganawa ta Zoom. Na ari ofishin wani abokina mai sola a unguwar Ali Ɗan Sofo, na sayi data a layi biyu don in ɗaya ya yanke in koma ɗayan. Mutum uku ne a allo. Bayan na gabatar da aikin kundina, wani dattijo a cikinsu ya yi mini tambayar da har yau nake yi wa ɗalibai. Ya ce molekul ɗin ruwa atam uku ne kacal, rawarsa, wato yadda atam ɗinsa ke girgiza, iri uku ce, awo ya nuna su a 3657 da 1595 da 3756 cm⁻¹ (ma'aunin saurin rawar). To me ya sa lissafin farko, ko da an yi shi da dabara mafi tsada, yake ba da wajen 3832 da 1649 da 3943? Na ce saboda lissafin farko yana ɗaukar cewa ƙarfin da ke janyo atam ya koma mazauninsa yana ƙaruwa daidai da nisan da ya yi, ko ta wane gefe. A gaskiya ba haka haɗin yake ba: yana tauri idan an matse shi, yana saki idan an ja shi, har ya kai ga tsinkewa. Haidurojin kuma ba shi da nauyi, yana yin nisa a rawarsa, don haka gibin ya fi fitowa a kansa. Na ƙara da cewa mutane da yawa suna ninka sakamakon B3LYP, wani nau'in DFT, da wajen 0.96 su wuce, amma wannan rufa-rufa ce, ba bayani ba. Ya yi dariya ya gyaɗa kai. Daga nan ya shiga batun Born da Oppenheimer na 1927, wato raba motsin ilektaron da na cibiyar atam saboda furoton ya fi ilektaron nauyi sau 1836, ya tambaye ni inda rabon ke rushewa. Na amsa da abin da na karanta. Shi kuwa wanda ya taɓa lissafa wurin da hannunsa yake nema. Bayan ɗan lokaci suka rubuto cikin ladabi cewa sun ɗauki wani.

Na kira malamina na Dakar na ba shi labari. Ya ce, "Kai, ka daina bin tallan aikin mutane. Wanda ya yi talla ya riga ya auna rigar, in ba ta shige ka ba shi ke nan. Ka kawo naka aikin, ka nemi mai masauki."

Na ce, "Malam, wa zai saurare ni daga nan?"

Ya ce, "Wanda ka nuna wa sakamako. Kada ka aika wa kowa wasiƙa babu hoto a ciki."

Hanya ta biyu ke nan, ta gidauniyoyi. A nan kai ne mai tambayar binciken, gidauniya ce mai kuɗi, farfesa kuma masauki kawai zai ba ka da kwamfuta da shawara. Tun da ba daga aljihun aikinsa za a biya ka ba, ya fi sauƙin cewa to. Na duba tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai: wata 12 zuwa 24, ana rufe karɓa a watan Satumba, shafi 10 na tsarin bincike, ana ba ingancin kimiyya kashi 50, tasiri kashi 30, tsarin aiwatarwa kashi 20. Yana da tsoka, amma da duniya gaba ɗaya kake kokawa. Na duba TWAS, ƙungiyar bunƙasa kimiyya a ƙasashe masu tasowa, da kuma cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Tiriyaste ta Italiya a 1964, waɗanda sun daɗe suna riƙe da masana ƙasashe irin namu. Faransa ita ce alƙiblar ɗan Nijar tun fil azal a irin wannan nema, saboda harshe da sanayya, amma bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantaka ta yi tsami, har ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a Janairun 2024. Da yawa daga cikinmu dole muka koyi duban wasu wurare. Ni na tsaya a kan tallafin Georg Forster na gidauniyar Alexander von Humboldt da ke Bon ta Jamus. An ware shi ga masana daga ƙasashe masu tasowa, wata 6 zuwa 24 ga wanda bai wuce shekara 4 da gama doktora ba, da sharaɗin binciken ya shafi ci gaban ƙasar mai nema.

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ya tsaya mini a wuya. Ina lissafin kwantum, ina ci gaban ƙasa? Na ga mutane suna rubuta ƙarya tsagwaronta a nan, su ce lissafinsu zai kawar da yunwa a Sahel. Masu tantancewa masana ne, suna jin warin irin wannan tun daga sakin layi na farko.

Amsar a shagon Kawuna na same ta. Dillalin gyaɗa da aya ne, tun zamanin da gyaɗa ke riƙe da arzikin garin nan gidansu ke cikin harkar. Wata rana ina zaune yana tsince ƙwayoyin da suka yi baƙi-baƙi suka yamutse yana jefawa a kwano daban. Na tambaye shi ina za su. Ya ce masu ƙuli-ƙuli na saye da rahusa, wasu kuma a ba kaji. Cikina ya ɗuri ruwa, don na san abin da ke iya zama a cikinsu. Fumfunar Aspergillus flavus tana tsiro a gyaɗa da masara idan an adana su da danshi cikin zafi, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Tana jawo kansar hanta, suya kuma ba ta gamawa da ita. Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan nau'in B1 ya wuce maikurogiram 2 a kilo.

Ga inda ta shigo fagena. Gubar tana ƙyalli idan aka haska ta da fitilar UV mai tsawon zango wajen nanomita 365. Nau'o'in B suna ba da shuɗi, na G suna ba da kore-kore, kuma da wannan ƙyallin ake auna ta a labo. Abin mamaki, B1 wadda ta fi kowacce haɗari, ƙyallinta yana dushewa a cikin ruwa, har sai an taɓa ta da buromin ko aidin ko haske kafin ta fito sosai, alhali ƴar'uwarta B2 tana ƙyalli ba tare da an roƙe ta ba. Bambancinsu haidurojin biyu ne kawai da haɗi mai ninki biyu guda ɗaya a zoben gefe. Ta ina makamashin da B1 ta sha yake zurarewa? Wannan tambaya ce ta lissafi tsantsa, kuma ba sai na yi wa kowa ƙarya ba kafin in nuna ta shafi Maradi.

Na sauke ORCA, manhajar rukunin Frank Neese da ake ba masu bincike na jami'a kyauta. Gaussian ta kuɗi ce, ba ni da su. B1 atam 35 ce, kabon 17, haidurojin 12, oksijin 6, ke nan rawarta iri 99. Kwamfutar cinya mai ƙwaƙwalwa matsakaiciya za ta iya ɗaukar wannan da DFT, in an yi haƙuri. Dabarar CCSD(T) da ake wa kallon ma'aunin zinariya kuwa ko a mafarki, don idan molekul ya ninka girma, aikinta yana ninkuwa sau 128.

Lokacin ya faɗo daidai da sanda Nijeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, kuma a lokacin mafi yawan wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Lissafin daidaita siffar molekul yana da kirki, don yana ajiye inda ya kai a kowane mataki, in wuta ta ɗauke sai ka ɗora daga nan. Na rawar atam ne mai baƙin hali: ya yi awowi yana tafiya, batir ya mutu, ka koma farko. Na sayi faifan sola ɗaya da batirin mota. Na ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta, na juya mata ƙaramar fanka, na koma kunna manyan lissafi bayan isha'i idan gari ya ɗan huce. Da asuba kafin in tafi masallaci sai in leƙa ƙarshen fayil ɗin. In na ga layin da ke cewa ORCA ta kammala lafiya, sai in gangara jerin lambobin rawar ina duba ko akwai mai alamar ragi a gabanta. In akwai, siffar ba ta zauna a gindin kwari ba ke nan, wato inda makamashinta ya fi ƙanƙanta, a kan sirdi take, sai an ture ta kaɗan an sake. Matata ta kai ga gane sakamako daga fuskata tun kafin in yi magana.

A ƙarshe na samu hoto ɗaya: bakan shan hasken B1 da B2 da na lissafa da TDDFT, reshen DFT mai lissafa shan haske, an ɗora a kan na awon da ke cikin mujallu. Bai zauna daidai ba, tudun ya kauce. Wannan ba abin kunya ba ne, don kuskuren 0.2 zuwa 0.3 eV (ma'aunin makamashi) abu ne sananne a dabarar, kuma a wajen nanomita 360 hakan na iya kai nanomita 30. Na bar shi yadda yake, ban gyara masa fuska ba.

Sai neman mai masauki. Na karanta maƙalolin rukunoni da dama ta shafukan intanet na arXiv da ChemRxiv da Research4Life, na zaɓi wata farfesa a Jamus da ke aiki a kan yadda molekul masu zobba ke zubar da makamashi bayan sun sha haske. Wani ɗan Kamaru da muka haɗu a makarantar ASESMA, wadda tun 2010 take tara matasan Afirka masu lissafin ilektaron, ya taɓa zama a rukuninta, ya ce in ambaci sunansa. Wasiƙar ba ta cika rabin shafi ba. Ban ba da labarin talauci ko zafin gari ba. Na faɗi ko ni wane ne a layi biyu, na faɗi tambayar, na ambaci maƙalarta guda da wurin da dabararta za ta yi mini aiki, na ce zan nemi kuɗina da kaina daga Humboldt, na liƙa hoton.

Amsarta ba ta da gaisuwa mai tsawo, wanda a wajenmu sai a ce rashin kunya ne, amma tambayoyi ne zalla, kuma tambaya ita ce alamar an karanta. Me ya sa na zaɓi B3LYP, alhali in akwai ƙaurar caji a cikin molekul ɗin za ta ba ni makamashi ƙasa da gaskiya? Na gwada CAM-B3LYP? Ruwan da na sa a lissafin na shafe ne kawai, wato kimantawa a dunƙule, ko na jera molekul ɗin ruwa na gaske kusa da oksijin ɗin? Ta ce zarginta akwai wurin da matakan makamashi biyu ke haɗuwa, inda rabon Born da Oppenheimer ke rushewa, ta nan B1 ke sulalewa ƙasa ba tare da ta fitar da haske ba, amma zargi ne, sai an lissafa. Wato dai tambayar da dattijon nan ya kayar da ni a kanta ita ce ta zama aikina.

Mun yi ta mayar wa juna daftarin tsarin binciken. Shafuka kaɗan ake so, kuma rage magana ya fi ƙara ta wuya, balle ga wanda ya yi karatu da Faransanci, inda ake son gabatarwa mai fuka-fuki. Ingilishin kimiyya gajerun jimloli yake so. A daftarin farko na rubuta cewa aikin zai kai ga ƙera na'urar gwaji mai araha ga ƴan kasuwa. Ta ja layi a kai ta rubuta a gefe: wa zai ƙera ta, da wane kuɗi, a wane wata? Muka mayar da shi abin da zan iya tsayawa a kai: bayanin dalilin dushewar ƙyallin, lissafin yadda zai canza idan gubar ta shiga cikin saikulodestirin, wani molekul na sukari mai siffar zobe, wanda an san yana ƙara mata haske, da kuma horar da ɗalibai a Maradi a kan manhajojin kyauta idan na dawo. A wannan sashe na ambaci cewa jami'ar garinmu tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, wanda shi kansa masanin shimi ne.

Sauran kayan dosiye ba su da wuyar fahimta, sai dai cin lokaci: jerin maƙaloli da zaɓaɓɓu daga ciki, wasiƙun shaida daga malamai biyu, da takardar mai masauki mai cewa ta tanadi wuri da lokacin kwamfuta. Shawarata a kan maƙaloli ita ce biyu a mujallar kirki sun fi goma a mujallun nan da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda. Masu tantancewa sun san su, kuma ganinsu a jerinka yana rage maka daraja. Malaman shaida kuma a sanar da su da wuri, a tura musu tsarin binciken, a riƙa tuni cikin ladabi. Babban malami ba ya ƙin rubutawa, mantawa yake yi.

Daga nan sai jira na watanni. Na ci gaba da koyarwa. Ranar da saƙon ya zo ina tsakiyar darasi ne, wayar ta yi motsi a aljihu, ban duba ba sai da aka tashi. Na karanta a tsaye a gindin bedi, na sake karantawa, sannan na hau kabu-kabu zuwa gidan Inna.

Na ce, "Inna, an ɗauke ni. Jamus."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Karatun dai bai ƙare ba?"

Na ce, "Wannan aiki ne, Inna, biyana za su yi."

Ta ce, "To iyalinka fa?"

Na gaya mata gidauniyar tana ba da kuɗin iyali, tana kuma biyan watannin koyon Jamusanci kafin a fara aiki, kuma akwai tallafin dawowa gida bayan an gama. Wannan na ƙarshen ne ya kwantar mata da hankali. Ta sa albarka, ta ce in je in gaya wa Kawu da bakina kafin ya ji a waje.

Takardu suka biyo baya: fassara shaidar digiri wajen mai fassarar da hukuma ta amince da shi, takardar aure da na haihuwar yara, sabunta fasfo, inshorar lafiya, neman ranar ganawa don biza. Kusan komai sai an dangana da Yamai, kilomita sama da 600 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, a bar gari da asuba a isa da yamma liƙis. Wasiƙar gidauniya tana sauƙaƙa magana a gaban kowane tebur, amma ba ta rage layi.

Farfesar ba ta jira isowata ba. Ta sa an buɗe mini asusu a gagarumar kwamfutarsu, na fara tura lissafi daga ɗakina ta intanet ɗin waya, tunda fayil ɗin umarni bai fi saƙon WhatsApp nauyi ba. Abin da ke cin mini dare uku a kan bulo, can kafin in gama shan shayi ya fito.

Da na je wa Kawu sallama, ya sa yaro ya auno mini tiya biyu ta gyaɗa, ɗaya mai kyau, ɗaya daga cikin kwanon nan na gefe, ya ce in kai wa Turawan su gwada. Na ce masa, "Kawu, ba za a bar ni in shiga da ita ba, kuma ni ba na buƙatarta, a kwamfuta zan yi komai."

Ya dube ni ya ce, "Shekara biyu za ka yi kana binciken gyaɗa, ba gyaɗa?"

Na ce haka ne. Ya ce wa yaron ya mayar da ta kwanon, mai kyau ɗin kuma a kai gidana a soya wa yara. Sannan ya tambaye ni, tunda na ce suya ba ta kashe abin, me zai yi da ta gefen. Na ce kada a sayar wa masu ƙuli-ƙuli, kada a ba kaji, a binne ta, sabuwa kuma a bar ta ta bushe sarai kafin a ɗura a buhu, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Ya ce bushewa da katako ya ji, zai yi. Binnewa kuwa, in fara kawo masa wanda zai biya shi kuɗinta.